Tambaya da Amsa: Ina da fili ina da kuɗin riɗi, zan iya buɗe makarantar koyon tuƙin jirgin sama?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan makon duk a kan ƙananan jirage suka zo, kuma ta farkon ta ɗauke min hankali sosai don haka ita zan fi daɗewa a kai, sauran ku yi haƙuri da gajeriyar amsa.

TAMBAYA: Salam Kyaftin, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗan kasuwar riɗi da zoɓo ne a wani ƙauye a ƙasar Gumel. Yarona ya gama karatun tuƙin jirgi a waje shekara 2 kenan yana zaune a gida babu aiki, abin yana damuna. Ina da fili shimfiɗaɗɗe da ya fi kilomita 1 tsawo, kuma wani ya ce zai samo min ƙaramin jirgi Cessna na hannu daga Afirka ta Kudu. Tunanina in saya a share filin, yaron ya riƙa koya wa 'ya'yan masu hali, ranar da babu ɗalibai kuma mu ba da jirgin haya. Me ka gani? Daga wani Alhaji, ƙasar Gumel.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, ranka ya daɗe. Wallahi na ji daɗin wasiƙar nan, domin abin da ya daɗe yana ci min rai kenan, a ce a Kano jirgin sama ya fara sauka a ƙasar nan tun 1925, amma yau ɗan Jigawa ko ɗan karkarar Kano in yana son koyon tuƙi sai dai ya nufi kwalejin Zariya da aka kafa tun 1964, ko ya gangara Ilori, ko uban ya nemi dala ya tura shi waje. Buƙata akwai ta. Amma zan gaya maka gaskiya tsakanina da Allah, sayen jirgin shi ne mafi sauƙin abin da ke cikin wannan harka, kuma shi ne ya kamata ya zo a ƙarshe ba a farko ba.

Mu fara da yaron naka. Lasisin da ya zo da shi, in na kasuwanci ne, ya ba shi damar a biya shi ya tuƙa jirgi amma bai ba shi damar koyarwa ba, koyarwa tana da nata kwas da nata jarrabawar daban, sai an zaunar da shi a kujerar dama ya koyi yadda ake gyara kuskuren ɗalibi ba tare da an fizge sitiyari daga hannunsa ba. Sannan tunda a waje ya samo lasisin dole ya kai wa hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, wato NCAA, ta mayar masa da shi na Najeriya, ga kuma shekara 2 da ya yi bai tashi ba, takardar likitansa ta ƙare, hannunsa ma ya yi sanyi. Ko duk ya gama waɗannan, sabon malami ba ya shugabantar makaranta. Hukuma za ta nemi ka nuna mata shugaban horaswa mai gogewa, da wanda ke kula da inganci, da injiniya mai lasisi ko kamfanin gyara da ta amince da shi, da littattafan da ka rubuta yadda za ku koyar da yadda za ku gudanar da aiki, su karanta su dawo maka da gyara, su zo su duba aji da jirgi da ma'aikata da idonsu kafin su ba ka takardar shaidar makaranta. In babu wannan takardar ba makaranta ka buɗe ba, kuma 'ya'yan mutane za su ƙona kuɗinsu ne a banza. Wannan zirga-zirgar ta Abuja kaɗai tana cin watanni, kana biyan albashi jirgi bai tashi ba.

Maganar fili kuma, Alhaji, na san irin ƙasar taku, da rani ka ga fili fetal kamar faranti, amma bari ruwan Agusta ya sauka ka ga inda ƙafa ke nutsewa. Titin jirgi ko na jar ƙasa ne sai an daddaɓe shi an yi masa magudana, sai an kewaye shi da waya saboda akuya ɗaya tak in ta gitta lokacin da ɗalibi ke sauka ta isa ta jawo asarar rai, balle a ce filin yana kusa da burtali ko hanyar da yara ke bi zuwa makarantar allo. Sai kayan kashe gobara da mutanen da suka iya aiki da su, sai rediyo, sai rumfar ajiye jirgi, kuma shi kansa filin sai hukuma ta amince da shi, ba a share gona a ce ta zama filin jirgi. Ni da ni ne kai da ban taɓa wannan filin ba, in bar shi ya ci gaba da ba ni riɗi. Ga filin jirgin Dutse nan da aka buɗe a 2014 zamanin Sule Lamido, titi mai kwalta dogo, da hasumiya da 'yan kwana-kwana, kuma in ka cire lokacin jigilar alhazai ba cunkoso gare shi ba, wanda shi ne ainihin abin da ɗan koyo ke so, ya yi ta tashi yana sauka sau 8 sau 10 a awa guda babu babban jirgi a bayansa. Da sabon gini gara yaɓe. Ka je ka nemi a ba ka hayar gefe guda a can.

To yanzu ga inda nake so ka gyara zama, lissafi. Makarantar tuƙi awa take sayarwa kamar yadda kake sayar da buhu, akwai wata 'yar mita a gaban jirgi da ke ƙirga lokacin da inji ya yi yana aiki, ita ce sikelinka. Kuɗin da ke fita kashi 2 ne. Akwai wanda sai jirgi ya tashi yake fita, wato mai da baƙin mai da taya da birki. Akwai kuma wanda ko jirgi ya kwana wata 6 a rumfa sai ka biya, inshora, albashi, hayar wuri, sabunta takardu. Wannan na biyun shi ke kashe ƙananan makarantu, domin in jirginka ya yi awa 200 a shekara, kowace awa tana ɗauke da ninki 4 na wannan nauyin in ka gwada da wanda ya yi awa 800. Jirgin da ke tsaye cin kuɗi yake kamar dokin da aka ɗaure a turke ana zuba masa harawa ba a hawa.

Cessna 172, wanda nake zaton shi ake maka tallansa, kujera 4 gare shi kuma yana shan kamar lita 30 zuwa 35 a awa. Ba fetur ɗin gidan mai yake sha ba, ba kuma kananzir ɗin manyan jirage ba, wani mai ne na musamman da ake kira abgas, launinsa shuɗi-shuɗi, daga waje ake shigo da shi a duro kuma samunsa a ƙasar nan wahala ne, na sha ganin jirgi lafiyarsa ƙalau ɗalibai na zaune a inuwa ana jiran duro ya iso daga Legas. Kwalejin Zariya ma da ta tashi sabunta jiragenta, jirage ƙirar Diamond ta sayo masu shan Jet A-1, irin man da ake samu a kowane babban filin jirgi. Su waɗannan sun fi tsada wurin saye kuma ba kowane injiniya ne ya san injinsu ba, amma kafin ka ba da ko sisi ka zauna ka amsa wa kanka, man nan daga ina zai riƙa zuwa, wa zai kawo, a ina zan ajiye shi ruwa da ƙura ba su shiga ba.

Sai inji. Injin Lycoming da ke kan irin wannan jirgi kamfanin ya ƙayyade masa kamar awa 2000 kafin a sauke shi a yi masa garambawul gaba ɗaya, kuma da dala ake biya. In kana awa 500 a shekara, shekara 4 kenan ranar za ta zo, babu makawa. Don haka daga awar farko duk kuɗin da ɗalibi ya biya ka cire kason inji ka sa a wani asusu daban ka manta da shi, kar ka ce bari in juya shi a kasuwar zoɓo kafin lokacin. A nan ne kuma masu sayar da jirgi na hannu ke yi wa mutane wayo, za ka ga jirgi ya sha fenti yana ƙyalli da araha, ashe saura awa 150 injin ya cika. Kai da ka san kasuwar dabbobi ta Maigatari ai ba ka sayen bijimi sai ka buɗe baki ka ga haƙori, to haƙorin jirgi littattafansa ne, na jiki daban na inji daban na farfela daban, tun daga ranar da aka ƙera shi. Ka biya injiniya naka na kanka, ba na mai sayarwa ba, ya je can ya karanta su shafi-shafi ya buɗe jirgin ya leƙa tsatsa. In an ce wani littafin ya ɓata, ka taso ka bar musu kayansu. Bayan saye kuma akwai izinin shigowa da kwastan da rajista, sai an manna masa lambar Najeriya mai farawa da 5N an ba shi takardar lafiya kafin ya ɗauki ɗalibi.

Kuma jirgi 1 ba ya riƙe makaranta. Duk awa 50 ana canjin baƙin mai, duk awa 100 ana kwance shi a yi masa duba na sosai, in aka ga wani ƙarfe ya tsage sai an yi odarsa daga Amurka, a jira jirgin kaya, a jira kwastan. Aƙalla jirgi 2, kuma iri ɗaya, don kayan gyara da malamai su zama ɗaya.

Kar ka manta da sararin samaniyar tamu. Ɗan koyo da ido yake tuƙi, yana buƙatar ya hangi aƙalla kilomita 5, to daga Disamba zuwa Fabrairu in hazo ya sauko wani lokacin ko bishiyar ƙarshen gona ba ka gani, sai a yi mako ba a tashi ba. Watan Afrilu kuma zafi na sa iska ta yi sako-sako, inji ya rage ƙarfi, jirgi ya ci titi mai tsawo kafin ya ɗaga, shi ya sa ake fara aiki da an idar da sallar asuba gari ya waye a tsaya kafin azahar. Da damina ga hadari mai tasowa daga gabas da yammaci. Ka lissafa shekararka da wata 8 ko 9, ka tura karatun aji zuwa lokacin hazo. Abu ɗaya da Allah ya ba mu shi ne bushewar iska, jirgi ba ya tsatsa a nan kamar yadda yake yi a bakin teku, sai dai ƙura da ke cin matatar iska.

Akwai abin da na gani da idona da ba na so ya same ka. Wata ƙaramar makaranta da na taɓa koyarwa, mai ita mutumin kirki ne ba ɓarawo ba, amma ya karɓi kuɗin ɗalibai na kwas gaba ɗaya tun ranar farko ya biya bashi da albashi da su, da inji ya cika babu abin sauke shi. Akwai wani yaro da mahaifinsa ya sayar da shanu ya biya masa, kullum da safe sai ya zo da farar rigarsa a goge da littafin awanninsa a hannu ya zauna a benci, awa 23 ce a rubuce a ciki, haka ta zauna wata 7. Ranar da uban ya zo da kansa bai yi faɗa ba, hularsa kawai ya cire ya riƙe yana kallon jirgin da babu inji a gabansa, ya ce min malam yaushe za a mayar. Ban sami abin ce masa ba. Kuɗin ɗalibi amana ne har sai ya tashi awar da ya biya, ka riƙa karɓa kashi-kashi, na awa 10 ko 20, in ya cinye ya ƙaro.

Batun haya kuma kar ka ɗora buri a kai. Hayar jirgin makaranta ba kamar hayar mota ba ce, wanda ke da lasisi kaɗai ake ba wa ya tuƙa da kansa, yawanci samari masu tara awanni, kuma ko wane ne shi sai malaminka ya tashi da shi ya gwada hannunsa tukuna, a duba lasisi da takardar likita, a sa hannu a yarjejeniya, inda zai je, lokacin da zai dawo, wa zai biya in ya fasa taya. Ana bayarwa da mai a ciki ko babu mai, ni na fi son da mai, don kar wani ya je ya ɗura maka abin da ba ka sani ba. Ka kuma tabbatar inshorarka ta rubuta haya ƙarara. Masu irin wannan lasisin a yankinmu ba su da yawa, don haka ƙari ne kawai. Amma in nufinka wani ɗan siyasa ya biya yaronka ya kai shi Abuja, wannan jigilar fasinja ce, takardarta daban ce kwata-kwata, kuma hukuma ta sha dakatar da masu jiragen kansu da aka kama suna yin haka a ɓoye.

Shawarata, ka fara kashe kuɗi a kan yaron, ya sabunta lasisi ya yi kwas ɗin malanta ya koyar a makarantar wasu shekara 2 ko 3, ya ga cikin harkar. A wannan tsakanin kai kuma ka nemi abokan tarayya 2 ko 3 ka fara magana da gwamnatin jiha, domin ɗaliban da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu su ne za su riƙe ka a shekarun farko ba 'ya'yan masu hali ba, su waɗancan waje suke tura nasu.

TAMBAYA: Baba Kyaftin ina wuni. 'Yata ta gama sakandare ta nace ita matuƙiyar jirgi take so ta zama, mahaifinta ya rasu, gona 2 ya bar mana. In sayar in biya mata? Daga wata uwa, ƙasar Kazaure.

AMSA: Hajiya Allah ya jiƙan maigida, ya raya abin da ya bari. Kar ki sayar da komai tukuna. Abu na farko ki kai ta wurin likitan da NCAA ta amince da shi a yi mata gwajin aji na 1, wato gwajin lafiyar da ake yi wa masu son tuƙin jirgi a matsayin sana'a, za su duba ido har da bambance launi, da kunne da zuciya da hawan jini da suga, kuɗinsa kaɗan ne in aka gwada da na karatun, kuma in akwai matsala gara a sani yanzu. Tabarau ba ya hanawa in dai yana gyara ganin. Sai takardunta, ana neman kiredit 5 har da Turanci da Lissafi da Fiziks, Turancin kuma na baki ake so sosai domin da shi ake magana da hasumiya ko'ina a duniya. Ƙaramin lasisi ana samunsa daga shekara 17 da aƙalla awa 40, amma ba a cin abinci da shi, na aiki sai shekara 18 da awa 150 zuwa 200 gwargwadon tsarin makarantar, bayan shi ma kamfanoni kan nemi ƙarin kwas na irin jirgin da za ta tuƙa. Kin dai ga wasiƙar Alhaji a sama, nasa ya gama yana gida. Gonar marayu ba abin da zan ce ki taɓa ba ne a kan wannan, ki bi ta hukumar tallafin karatu ta jiha, ki kuma duba hanyar sojan sama ta NDA, makarantar horar da hafsoshin soja da ke Kaduna, suna ɗaukar mata. In kuma Allah ya kawo mai biya, ku je makarantar da ƙafarku ku ƙirga jiragen da ke tashi ba waɗanda ke fake ba, ku ja ɗalibi 1 gefe ku tambaye shi awa nawa ya yi a watan jiya.

TAMBAYA: Malam, jan baki sun addabe mu a fadama, in an buɗe irin wannan makaranta za mu iya haɗa kuɗi mu yi hayar jirgin ya yi mana feshi? Daga wani manomin shinkafa, Haɗeja.

AMSA: A'a ɗan'uwa. Jirgin feshi ƙirarsa daban, da tanki da bututai, matuƙinsa ma horonsa daban domin ƙasa-ƙasa yake bi da magariba lokacin da tsuntsayen suka koma makwanci, kuma sai da izini. Ku haɗa kai ku kai kuka ma'aikatar gona da wuri tun kafin shinkafa ta yi nono, ku nuna musu inda suke kwana a cikin kacala.

TAMBAYA: Oga ni makaniken janareto da injin ban ruwa ne shekara 12, an ce injin ƙaramin jirgi ba shi da wani wuya. Za a iya ɗaukata gyara? Daga wani matashi, Ringim.

AMSA: Ƙanena, wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba, silinda 4 ne, iska ke sanyaya shi babu lagireto, kowace silinda fulogi 2, magneto mai ba fulogi wuta shi ma 2 don in ɗaya ya mutu ɗaya ya riƙe. Hannunka zai gane shi cikin mako. Bambancin a tarbiyyar aikin yake. A nan babu a ɗaure da waya a lallaɓa zuwa gobe, kowane noti da ma'aunin ƙarfin da ake ɗaure shi a littafi, kowane ƙarfe da takardar asalinsa, in an tashi aiki sai an ƙirga sifanu kar a bar ɗaya a ciki, kuma babu jirgin da zai tashi sai injiniya mai lasisi ya sa hannu da sunansa. Kuma abin da ke kayar da jirgi sau da yawa ƙarami ne. Akwai wani siririn bututu a ƙarƙashin fiffike da ke auna gudun jirgi, wata safiya ina zagayen duba jirgi da ɗalibi na durƙusa na leƙa bakinsa sai na ga jar laka, zanzaro ne ya yi gini a ciki cikin kwana 3 da aka manta ba a sa murfi ba, da mun tashi da allurar gudu ƙarya za ta yi mana. A 1996 wani Boeing 757 ya faɗa teku a Jamhuriyar Dominikan da mutum 189, masu bincike kuma gidan irin wannan ƙwaron suka fi zargi, bayan jirgin ya yi makonni a ajiye. In kana da takardar sakandare da Lissafi da Fiziks, Zariya suna kwas ɗin injiniyan gyaran jirgi, ka nemi fom. In babu, ka zauna jarrabawar a matsayin ɗan waje bana, kana yi kana neman wurin da za ka riƙa miƙa wa injiniya sifana ko da kyauta ne, a filin jirgin Kano ko na Dutse.